Tsaguwar Zobe na Tara

Dugabau,
Litinin, 12 ga Maris, 2001.

Zuwa ga uwar ɗakina Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Kawu da Inna Bilki da duk mutanen gida. An yi Sallah lafiya? Yaya ƙafar Kawu? Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai tarin maigidana Baba Ya'u da ya ƙi sakinsa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya.

Yau da safe, rana ba ta gama fitowa ba, na ɗaura fitila a igiya na zura ta cikin rijiyar da muke haƙa wa makarantar firamare ta nan Dugabau. Haka muke yi kullum kafin mutum ya shiga. In fitila ta mutu a ƙasa, iskar ba ta da kyau. Fitila ba ta mutu ba. Amma da ta kai zobe na tara sai na tsayar da hannuna.

Ke ba ki san aikinmu ba, bari in gaya miki. In mun haƙa kamar tsayin ƙirjin mutum, sai mu kafa ƙarfen zubi, mu zuba siminti ya zagaye bango. Shi ne zobe. A bar shi kwana bakwai ana yayyafa masa ruwa, sannan a cire ƙarfe a ci gaba da haƙa a ƙarƙashinsa. Yanzu muna da zobe goma sha biyu, kuma danshi ya fara nunawa a ƙasa. To tun daga na tara aka fara yi mana gaggawa. Kwana biyu aka cire masa ƙarfe, simintinsa ma bai kai ba, ga shi kuma daidai wurin ƙasar rairayi ce.

Ran Juma'a na ga wata tsaguwa a jikinsa, siririya kamar zaren ɗinki. Na kwaɓa laka na shafe ta. Dabarar Baba Ya'u ce: in tsaguwa ta tsaya, laka za ta bushe lafiya; in tana tafiya, laka ma sai ta rabu. Yau lakar ta rabu biyu. Rairayi yana zubowa ta ciki, kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa.

Hedimastan makarantar, Malam Gamaliel, mutumin kudancin Kaduna ne, gidansa na jikin makaranta. Ya ga na daɗe a durƙushe, ya shiga ya ɗauko madubin matarsa, ya tare rana da shi ya jefa hasken cikin rijiya. Sai ga tsaguwar tarwai, kamar a tafin hannu. Ya kalla ya daɗe, ya mayar da madubi cikin riga, ya koma aji.

Da hantsi sai ga Jalo, wakilin ɗan kwangila, a kan babur, da takarda a aljihu. Ya ce, "Tasi'u, ka iya karatu?" Na ce kaɗan. Ya buɗe ya nuna mini wata kalma da aka ja wa layi biyu da jan biro. Na kwafo miki ita: expedite. Na ce ban san ta ba. Ya ce, "Ma'anarta a gama jiya." Wai manyan baƙi za su zo ran Asabar, ashirin da huɗu ga wata, su buɗe sabon ajin Islamiyya da rijiyar gaba ɗaya, kuma ruwanta za su sha. Baba Ya'u ya ce, "Jalo, rijiya ba ta jin Turanci." Jalo ya ce, "Ai ku kuna jin Hausa. Tsaguwa kuma? Bangon ɗakina ma a tsage yake, ina kwana ciki."

Mu abin da muka ce, a tsaya, a zuba wa na tara wani zobe daga ciki ya tallafe shi, a ba shi kwana bakwai. Jalo ya ce babu siminti, babu kwana bakwai. Da kyar Baba Ya'u ya samu a jira amsarki, don na ce ina da 'yar uwa a ofishin da takardar ta fito.

Ba wanda ya gaya mini ke kika buga ta. Na gane da kaina. Tafiretarki tana ɗaga harafin e sama da 'yan uwansa, tun a katin bikin ƙanwata Zubaidatu da kika buga na lura. Kalmar nan tana da e uku, duka ukun suna tsalle.

Don Allah ki gaya mini gaskiyar ma'anarta, da wanda ya sa aka rubuta. In ita ce ta ce mutum ya shiga ƙarƙashin zoben nan, ina so in sani. Ki ba direban motar kasuwa amsa. Ki gaida Kawu.

Naki,
Tasi'u.

*

Gwarzo,
Alhamis, 15 ga Maris, 2001.

Zuwa ga bawana Tasi'u,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Ƙafar Baba da sauƙi, har ya je masallacin Juma'a da sanda. Inna ta ce a gaya maka namanka na Sallah yana nan ta soya ta ajiye, in ka wuce mako ɗaya ni zan cinye, tunda dukiyar bawa ta uwar ɗakinsa ce. Allah ya ba Baba Ya'u lafiya, ya daina shan ruwan randa da sassafe.

Kai da idon tsiya! Shekara shida ina buga takarda a ofishin nan, ba wanda ya taɓa lura da harafin nan sai mai haƙar rijiya. E, ni na buga. Injiniya Tony, shugaban ofishinmu, ne ya faɗa, na buga, ya sa hannu. Jan biron dai ba namu ba ne, mu ko baƙin ma da kyar muke samu. Takarda ciki da baya muke amfani da ita yanzu.

Kalmar kuwa, na ɗauko maka ƙamus na duba don kar ka ce na yi maka ƙarya. Ma'anarta a hanzarta abu, a kawar da duk abin da ya tare masa hanya don ya tafi da wuri. Misali, in fayil ya maƙale a teburin wani, sai a rubuta masa ita, wato ya sa hannu ya miƙa gaba. Ko in kaya suna sito ba a fitar ba, a rubuta wa mai sito. Ba a cewa mutum ya yi ta da ƙafarsa, kamar ka ce yi sauri ka zo. Aiki ake yi wa ita. Amma in gaya maka gaskiya, a ofis ba wanda take tayar wa hankali. Sau goma nake buga ta a yini. Akwai fayil a durowata da aka rubuta masa ita tun kafin a ƙaddamar da Shari'a, yana nan yana barci, har gizo-gizo ya yi masa gida. Kai kaɗai ne a ƙasar Kano ta hana barci.

Maganar baƙi gaskiya ce. Kowa nan a tsaye yake, an ce ba a son abin kunya a gaban malamai da manya.

To amma bawana, tsakani da Allah, ko dai tsoro ne? Ƙato kamarka, tsaguwa kamar zare ta sa ka rubuta shafi biyu! Da ma tun muna yara kai ne mai gudun ɗan akuya. In ba za ka iya ba ka zo in ba ka zane da ɗankwali ka zauna kusa da ni kana miƙo mini takarda, ka bar wa tsoho Baba Ya'u rijiyarsa ya shiga, shi da ba ya tsoron zare.

Af, wa ya ga tsaguwar ban da kai? Ka san halin ofis, abin da mutum ɗaya ya gani ba a gani ba ne.

Ina sauri, direba na jira. Kowa na gaishe ka.

Uwar ɗakinka har abada,
Naja'atu.

*

Dugabau,
Lahadi, 18 ga Maris, 2001.

Malama Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Na ji daɗin labarin ƙafar Kawu. Mu ma da sauƙi.

Takardarki ta iso jiya. Laifina ne, ba naki ba, amma sai na gaya miki yadda aka yi.

Kwana biyar ina gaya wa kowa amsa na zuwa daga ofis, ita za ta raba mu. Da direba ya miƙo ta, muna bakin rijiya, ga Jalo, ga Baba Ya'u, ga Inna Marka mai koko da ke zama gindin darbejiya. Na buɗe na ga rubutunki irin mai haɗe da juna, wanda nake yini kafin in gama. Sai na miƙa wa Malam Gamaliel na ce ya karanta kowa ya ji. Ban zaci akwai abin ɓoyewa ba.

Ya karanta maganar ƙamus, Baba Ya'u yana gyaɗa kai. Har na fara jin sanyi a raina. Da ya zo ƙasa sai ya tsaya, ya ninke takarda ya ce, "Sauran gaisuwa ce ta gida." Jalo ya ce, "Gaisuwa a ƙarshe? Kawo." Ya fizge, ya karanta da ƙarfi, har da zane da ɗankwali, har sau biyu. Leburori suna dariya. Ya ce, "To kun ji. Wadda ta buga takardar da hannunta ta ce tsoro ne."

Na ce taubashiyata ce, babanta da innata kakansu ɗaya, wasa ne tsakaninmu. Inna Marka ma ta ce, "Kai Jalo, kai ba ka da taubashi ne?" Ya ce, "Ina da shi, amma nawa ba ya aiki a ofis."

Ni dariyar ba ta dame ni ba. An yi mini wadda ta fi ta. Abin da ya dame ni Baba Ya'u ne. Bai yi dariya ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Yarinyar ta yi gaskiya. Rijiyata ce. Shekara arba'in ban taɓa barin rijiya ba ruwa ba, ba zan fara a kan wannan ba, a ce tsufa ne." Na bi shi har masauki ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Ni na ci nawa, Tasi'u. Kai ko aure ba ka yi ba." Mutumin da in tari ya kama shi sai ya dafa bango. In abu ya taso a ƙasa, ko igiya ba zai iya kamawa da ƙarfi ba.

Jalo ya sa ranar Laraba da safe. Ya ce in mun ƙi, zai kawo wasu daga Kabo waɗanda ba su san da tsaguwar ba. Kin ga ke nan dole wani ya shiga. Na gaya wa Baba Ya'u ni ne zan shiga, in ya taɓa igiyar nan na bar aikinsa har abada. Ya zage ni, amma ya haƙura.

Na sake shafa laka ran Alhamis. Yau ɗan yatsana yana shiga tsaguwar.

Kin tambayi wa ya gani. Da la'asar na sami Malam Gamaliel a baranda yana gyara alli. Na ce, "Malam, kai ka haska madubi. In an tambaya za ka faɗa?" Ya ce, "Tasi'u, shekara goma sha ɗaya ina garin nan, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Amma tun rikicin Kaduna na bara matata Lucia ta kwashe yara ta tafi gida, har yau ta ƙi dawowa. Yanzu a ce ni, Gamaliel, na hana a buɗe rijiya ranar da za a buɗe ajin Islamiyya? Ka san yadda za a juya maganar kafin ta kai Kabo." Na ce na sani. Ya ce, "Kar ka sa sunana." Na ce to. Ban ga laifinsa ba.

Saboda haka ki ɗauka ni kaɗai na gani.

Kar ki gaya wa innata komai. In kin je gida Mainika ki ce mata ina nan zuwa bayan an buɗe rijiya. Akwai rediyona wurin mai gyara a bakin tasha, na Zubaidatu ne in ta so. Naman ki cinye.

Tasi'u.

*

Gwarzo,
Talata, 20 ga Maris, 2001.

Tasi'u ɗan'uwana,

Salamu alaikum, kowa lafiya, ba wannan ba. Na rubuta da harafi rarrabe don ka karanta da kanka. KAR KA SHIGA.

Takardarka sai yau da azahar ta iso. Ba mai a gari, motar kasuwa kwana biyu tana layi. Na karanta a tsaye. Malama Naja'atu? Ni? Tun da aka haife ka ba ka taɓa kirana haka ba. Da ka zage ni ya fi mini sauƙi.

Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Na ɗauka irin tsaguwar bangon ofishinmu ce. Ka rubuta mini dalla-dalla, laka da rairayi da komai, ni kuwa ina karantawa ina neman inda zan tsokane ka. Na janye. Ni ce baiwa, kai ne ubangida, na yarda a gaban kowa. Ka durƙusa ka ba Baba Ya'u haƙuri a madadina, ka ce masa bakina ne ya fi hankalina sauri.

Na shiga wurin Injiniya Tony ba sallama, na karanta masa takardunka biyu. Ya dafe kai. Ya ce shi da ya sa kalmar nan, da ɗan kwangila yake, ya kawo siminti da tankar ruwa a kan lokaci don kar ku zauna jira. Ya ce ba a yi wa siminti ita, siminti kwanansa kwanansa ne. Na ce to ya rubuta a tsaya. Ya ce in ya tsayar da aikin da manya suka sa wa rana a kan maganar mutum ɗaya, gobe shi za a tsayar, wani ya zo ya ce a ci gaba. Yana son takarda mai sunayen waɗanda suka gani da ido, ko uku ne, da sa hannu ko dangwale. In ta zo, a ranar zai rubuta, kuma zai zo da kansa in ya sami mai.

Na san ka ce kai kaɗai ne. Ka sake roƙonsu. Ka ja lokaci, kai da ka iya haƙuri. Ka ce igiya ta tsinke, ka ce cikinka na ciwo, ka ce komai, zunubin a kaina.

Na ba wani ɗan acaɓa, ya yi rantsuwa zai kai maka kafin magariba. Ban gaya wa Gwaggo ba. Rediyonka kai za ka karɓo abinka.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Naja'atu.

*

Dugabau,
Alhamis, 22 ga Maris, 2001.

Zuwa ga baiwata Naja'atu, tunda da hannunki kika rubuta, kuma na adana takardar,

Assalamu alaikum. Ina nan da raina, da ƙafafuna biyu. Baba Ya'u ma haka. Ki zauna ki sha ruwa kafin ki ci gaba. Yaya Kawu da Inna Bilki?

Ɗan acaɓanki sai jiya Laraba da azahar ya iso, yana tura babur. Mai ya ƙare masa a hanya, ya kwana a wani ƙauye. Lokacin an riga an gama komai. Kar ki yi masa faɗa, ƙafarsa duk ta kumbura.

Ga yadda aka yi. Jiya da sassafe Jalo ya riga kowa zuwa. Na yi alwala, na ɗaura igiya a ƙugu. Baba Ya'u yana zaune a kan bokiti, ya ƙi kallona. Na zura fatanya da guga ƙasa, sannan na kunna fitila na zura. Jalo ya ce, "Yau ba fitila, kullum fitila, ta taɓa mutuwa ne?" Na ce, "Yallaɓai, ka hana ni kwana bakwai na yarda. Wannan kam ko Baba Ya'u bai isa ya hana ba." A ƙa'idarmu sai fitila ta zauna a ƙasa gwargwadon shan kokon mutum ɗaya. Na sayi koko wurin Inna Marka na zauna. Ban taɓa shan koko a hankali irin na jiya ba. Ba kuma dabara nake yi ba.

Jalo yana zagaye yana buga takardar a cinya, yana ta maimaita kalmarku, har leburori suka iya ta. Koko ya ƙare. Na miƙe, na ce bismillah, na ce a kama igiya.

Sai igiya ta ƙi zuwa. Na waiwaya. Malam Gamaliel ne zaune a kan naɗin igiyar, da alli a hannunsa, ya bar aji a buɗe. Jalo ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ni ban iya haƙar rijiya ba, amma na iya zama." Jalo ya matso ya rage murya, amma duk mun ji. Ya ce, "Ka san ranar me za a yi ran Asabar? Ka san abin da za a ce kai ka hana? Kai da ba ka da kowa a garin nan?"

Inna Marka ce ta ajiye ludayi, ta taso da kyar tana riƙe da gwiwa. Ta ce, "Matsa mini, Malam." Ta zauna a ɗaya gefen igiyar, ta gyara mayafi. Ta ce, "Jikokina huɗu ya koya wa karatu, ka ce ba shi da kowa? Je ka kira duk wanda za ka kira. Ka ce musu har da Marka." Baba Ya'u ya jawo bokitinsa ya zauna a gabansu. Ni ina tsaye da igiya a ƙugu kamar akuyar da aka manta a turke.

Jalo ya hau babur ya ce zai ɗauko mai unguwa da 'yan Hisba. Muka zauna. Rana ta ɗago, yara suna leƙe ta taga.

Ba ta yi wata babbar ƙara ba, Naja'atu. Na ɗauka in rijiya za ta rufta gari duka zai ji. Kamar an juye buhun gero a ɗaki na uku, shi ke nan. Sai igiyar fitila ta yi nauyi a kan itacen da na ɗaure ta, sai ƙura ta taso daga baki a hankali. Malam ya ciro madubin daga riga, ashe yana tare da shi tun safe. Muka haska ciki. Rabin zobe na tara babu shi. Ƙasa kuwa babu fitila, babu guga, babu fatanya, rairayi ne shafe kamar ba a taɓa haƙa ba, ya kai tsayin mutum da rabi. Daidai inda zan durƙusa.

Baba Ya'u ya leƙa, ya zo ya kwance mini igiyar da hannunsa. Ƙullin ya ƙi, ya sa haƙori. Sai da ya gama ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na ba shi haƙurinki daga baya. Ya ce in gaya miki zane da ɗankwalin ki kawo, ya san wanda zai ba.

Da Jalo ya dawo da mai unguwa da ɗan Hisba guda, ya leƙa, ya ce ikon Allah, ai da an gaya masa akwai tsaguwa da bai matsa ba. A gabanmu ya faɗa. Kuma ya ce yau zai kawo mutanen Kabo su kwashe rairayin, a ci gaba, har yanzu akwai kwana biyu. Na duba na takwas da madubi, shi ma ya fara tsaguwa kamar zare. Saboda haka takardar Injiniya ba ta wuce ba, yanzu ma aka fi buƙatarta. Mutanen Kabo ma 'ya'yan wasu ne. Mu muna nan zaune a kan igiya har ta zo. Ki buga masa kalmar nan taku a sama, da e ɗinta uku masu tsalle, ki nemo jan biro ko na aro ne.

Kin tambaye ni wa ya gani, na ce ni kaɗai. Ga su nan, takardar tana haɗe da wannan. Ya'u mai haƙar rijiya, ya gani tun ranar Litinin, ya dangwala. Marka mai koko, ta ga na jiya, ta dangwala har sau biyu wai kar a ce bai fito ba. Mai unguwa Nata'ala ya ga na jiya, ya sa hannu da ajami. Ɗan Hisban, sunansa Ya'u shi ma, ya ce abin da idonsa ya gani ba zai ɓoye ba, ya sa hannu. Ni Tasi'u.

Za ki ga suna ɗaya a can sama, an matsa shi a ɗan wurin da ya rage, da rubutu mai kyau. Na bar masa wuri a ƙasa, na ce in bai so ba ba komai, mun isa. Ya karɓi biro ya ce shi ya fara haska madubi, don haka shi ne na farko. Gamaliel, hedimasta, Dugabau.